Daga dala 900 zuwa biliyoyi: yadda gidauniyar WARF ke riƙe da bincike a Jami'ar Wiskonsin

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon zuciya, ko wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, da wuya bai ji likita ya ambaci warfarin ba. Ƙwaya ce 'yar ƙarama mai hana jini yin gudaji, ana rubuta ta a asibitocinmu kamar yadda ake rubuta ta a ko'ina a duniya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne haruffa huɗu na farkon sunan, wato WARF, sunan wata ƙungiya ce. Gidauniyar bincike ce ta tsofaffin ɗaliban Jami'ar Wiskonsin da ke birnin Madison a Amurka. Ba kamfanin magani ba ce, ba ma'aikatar gwamnati ba ce, kuma a doka ba wani sashe ne na jami'ar ba. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta da masu hannun jari da za a raba wa riba, aikinta ɗaya tal: ta karɓi abin da malaman jami'ar suka gano, ta kai shi kasuwa, ta juya kuɗin da ya fito, ta mayar wa jami'ar domin a ƙara yin wani binciken.

Na zaɓi wannan gidauniya ne domin ta cika shekara 100 a 2025, kuma a tsawon wannan lokaci kusan duk wani alheri da duk wani aibi da irin waɗannan ƙungiyoyi ke iya haifarwa ya bayyana a tarihinta.

Mafarin abin wani malamin kimiyyar sinadaran jiki ne, Harry Steenbock. A 1923 ya gano cewa idan aka haska wa abinci wani nau'in haske da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin hasken rana, abincin yakan sami bitamin D. A wancan zamani cutar da ke tausasa ƙasusuwan yara har ƙafafunsu su lanƙwashe ta addabi biranen Turai da Amurka, inda yara ke tashi a lunguna masu hayaƙi ba sa samun rana. To ga hanya mai araha ta magance ta. Steenbock ya ciri dala 300 daga aljihunsa ya nemi takardar mallakar fasahar. Kamfanin Quaker Oats ya yi masa tayin kuɗi wajen dala miliyan 1, a lokacin da albashin farfesa bai wuce 'yan dubbai a shekara ba. Bai sayar ba.

Dalilinsa yana da tushe. Shekaru 30 da 'yan kai kafin nan, a 1890, wani malami a wannan jami'a mai suna Stephen Babcock ya ƙirƙiro hanyar auna yawan mai a cikin madara, ya ƙi yi mata rajista, ya bar wa duniya kyauta. Niyya ce mai kyau, amma sai kowane ɗan kasuwa ya shiga ƙera kayan awon yadda ya ga dama, aka cika kasuwa da kwalabe marasa daidaito, kuma Babcock ba shi da ikon hana kowa. Steenbock ya ɗauki darasi daga nan. Ya ga cewa idan ya saki fasaharsa haka nan, masu tallan ƙarya za su haska komai su ce magani ne. Idan kuma ya sayar wa kamfani ɗaya, jami'ar da ta ba shi ɗakin gwaji da albashi ba za ta sami ko ƙwandala ba. Hukumar gudanarwar jami'ar kuwa ba ta shirya shiga harkar kasuwanci ba, domin jami'ar jiha ce, da kuɗin haraji take tafiya.

Mafitar da aka samo, da taimakon shugabannin tsangayoyi biyu, Harry Russell da Charles Slichter, ita ce a kafa wata ƙungiya a wajen jami'a wadda tsofaffin ɗalibai za su riƙe amanarta. Mutum 9 suka ba da dala 100 kowannensu. Da wannan dala 900 aka yi wa WARF rajista a watan Nuwamba na 1925. A 1927 ta ba Quaker Oats lasisi, daga baya kamfanonin magani da na madara suka biyo. A 1928 ta miƙa wa jami'ar tallafinta na farko, dala 1,200. Yau abin da take bayarwa a shekara ya haura dala miliyan 100, dukiyar da ke asusunta kuma ta haura dala biliyan 2 da rabi.

Yadda injin ke juyawa

Malami ya gano wani abu a ɗakin gwajinsa, sai ya cike takardar bayyana ƙirƙira ya kai wa gidauniyar. Irin waɗannan takardu ɗaruruwa ne ke shigowa duk shekara. Ma'aikatan WARF, waɗanda suka haɗa da lauyoyi da masana kimiyya da 'yan kasuwa, su ne ke zama su tantance: abin nan sabo ne? Akwai wanda ya riga shi? Akwai kamfanin da zai biya kuɗi dominsa? Wanda ya tsallake wannan siraɗi, gidauniyar ce ke biyan kuɗin lauyoyi da na rajista a Amurka da sauran ƙasashe, kuma kuɗi ne mai yawa da za a iya kashewa shekaru kafin a ga ko sisi. Malamin ba ya biyan komai. Daga nan sai neman kamfanin da zai karɓi lasisi, ko a taimaka wa malamin ya kafa nasa. Idan kuɗi ya fara shigowa, kashi 20 cikin 100 na wanda ya yi ƙirƙirar ne, wani kaso ya tafi sashensa a jami'a, sauran ya shiga asusu.

A wannan kalma ta ƙarshe, asusu, a nan asirin yake, kuma a nan ne masu kwaikwayon WARF suka fi yin kuskure. Takardar mallakar fasaha tana da wa'adi, shekara 20 ne a dokar Amurka ta yanzu. Bayan nan kowa na iya amfani da fasahar kyauta. Da a ce amintattun farko sun riƙa miƙa wa jami'a duk abin da bitamin D ya kawo shekara-shekara, da an gina 'yan gine-gine, an sayi kayan aiki, kuɗi ya ƙare tun kafin 1950. Ba haka suka yi ba. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Brittingham ƙarami, ya dage a zuba kuɗin a hannayen jarin kamfanoni masu tasowa, a lokacin da yawancin gidauniyoyi suka fi son ajiye dukiyarsu a takardun lamuni marasa haɗari. Jami'a kuma a riƙa ba ta daga abin da jarin ya haifa. Shi ya sa mafi yawan kuɗin da WARF ke bayarwa a yau ba daga lasisin bana yake fitowa ba, daga ribar jarin da aka tara ne tun zamanin kakanni.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin shi ne wakafi. A tsare asalin dukiya, ba a sayarwa ba a gadonta, amfaninta kawai ake ci. Bambancin shi ne a nan gonar da aka yi wakafinta ilimi ce, kuma 'ya'yan da take bayarwa ana sake shuka su ne a gonar ilimi.

Abu na biyu da nake ganin ya fi kuɗin kansa muhimmanci shi ne wanda ke yanke hukuncin inda za a kashe shi. Amintattun WARF ba su ke zaɓar binciken da za a tallafa wa ba. Suna miƙa kuɗin ne ga jami'a, sai kwamitocin malamai su zauna su duba buƙatun abokan aikinsu su raba. Sakamakon haka, kuɗin da ya fito daga warfarin, wanda aka fara sayarwa a matsayin maganin ɓera, yana iya ƙarewa a hannun masanin tarihi ko mai nazarin harsuna, mutanen da ba za su taɓa ƙirƙiro abin sayarwa ba. Da 'yan kasuwar da ke riƙe da asusun ne ke zaɓa, da dole hankalinsu ya karkata ga binciken da zai dawo da riba cikin shekara 5, kuma da jami'ar ta zama ɗakin gwajin kamfani.

Wani zai ce, ai Jami'ar Wiskonsin tana kashe sama da dala biliyan 1 da rabi a bincike duk shekara, kusan rabinsa daga hukumomin gwamnatin tarayya, to mene ne tasirin abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na wannan ba? Tasirinsa yana cikin irin kuɗin ne. Kuɗin gwamnati ɗaure yake: an ba ka shi domin aiki kaza, na shekaru kaza, kuma ba za a ba ka ba sai ka nuna ka riga ka fara samun sakamako. To da me za ka fara? Sabon malami da aka ɗauka yana buƙatar ɗakin gwaji da na'urori kafin ya rubuta takardar neman tallafi ta farko. Malamin da tallafinsa ya ƙare a watan Yuni, sabo kuma ba zai zo ba sai Janairu, yana da ɗalibai masu digiri na uku da za su ci abinci a tsakani. Malamin da wata jami'a mai kuɗi ke zawarcinsa yana buƙatar dalilin zama. Waɗannan ramuka kuɗin WARF ke cikewa. An ga haka ƙarara a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe aka zabge kasafin jami'o'i, tallafin gidauniyar ya taimaka wajen riƙe masu bincike da yawa a bakin aikinsu.

Saniya da bokitin jini

Labarin warfarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna tsawon numfashin da bincike ke buƙata. Tun shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suke mutuwa da wata cuta mai ban tsoro: a yi wa saniya 'yar ƙaramar tsaga ko a yanke mata ƙaho, jini ya ƙi tsayawa har ta mutu. Likitocin dabbobi sun gano cewa abin yana da alaƙa da wata ciyawa da ake busarwa a ajiye wa shanu, idan ta jiƙe ta yi fumfuna. Amma ba a san wane sinadari ne a ciki ba. A watan Fabrairu na 1933, cikin tsananin sanyi, wani manomi ya iso jami'ar da mushen saniya, da tarin ruɓaɓɓiyar ciyawar, da bokitin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Ya faɗa hannun wani malami mai suna Karl Paul Link. A ranar, iyakar abin da Link ya iya gaya masa shi ne ya daina ba shanunsa ciyawar, shawarar da ba ta da amfani ga talakan da ba shi da wata.

Shekara 6 Link da ɗalibansa suka yi suna tacewa suna gwadawa kafin su ware sinadarin a 1939. Daga nan suka haɗa ire-irensa sama da 100 a ɗakin gwaji. Ɗaya daga ciki, mai lamba 42, ya fi ƙarfi, aka fitar da shi kasuwa a 1948 a matsayin maganin ɓera, aka raɗa masa suna daga sunan gidauniyar da ta tallafa wa aikin ta kuma yi masa rajista. Sai a 1954 aka amince a ba ɗan Adam, kuma a 1955 aka yi wa shugaban Amurka Dwight Eisenhower magani da shi bayan bugun zuciya. Daga ranar da manomin ya zo zuwa ranar da maganin ya shiga asibiti, shekara 21 ke nan. Babu gwamnatin da wa'adinta ya kai haka, babu kuma kamfanin da zai zuba kuɗi shekara 6 a binciken ruɓaɓɓiyar ciyawa.

Bayan wannan an sami wasu. Hector DeLuca ya fito da magunguna daga bitamin D da ake ba masu ciwon ƙoda. Folkert Belzer da James Southard sun haɗa ruwan da ake adana hanta da ƙoda a ciki kafin a dasa wa wani. Kowannensu ya ƙara wa asusun nauyi.

Yadda abin ya bazu, da inda kwaikwayo ya gaza

Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Amurka ta zama babbar mai ɗaukar nauyin bincike, sai wata matsala ta taso: abin da aka gano da kuɗin gwamnati, na wane ne? Amsar wancan lokaci ita ce na gwamnati ne. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 gwamnati na riƙe da takardun mallakar fasaha kimanin 28,000, waɗanda aka ba kamfanoni lasisinsu kuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Kamfani ba zai kashe miliyoyi yana gwajin magani ba alhali ya san gobe abokin hamayyarsa zai kwafa kyauta. Lauyan WARF, Howard Bremer, yana cikin waɗanda suka yi fafutukar sauya wannan, har aka kafa dokar da ke ɗauke da sunayen sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole, a watan Disamba na 1980. Dokar ta bai wa jami'o'i ikon mallakar abin da malamansu suka gano da kuɗin tarayya, da sharaɗin su yi ƙoƙarin kai shi ga amfani, su kuma ba mai ƙirƙirar kasonsa.

Daga nan kusan kowace babbar jami'a a Amurka ta buɗe ofishin sayar da fasaha, wasu ƙasashe ma suka yi irin dokar. Sai dai sakamakon bai zo yadda aka zata ba. Wani nazari da cibiyar Brookings ta fitar a 2013 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan ofisoshi ba sa samun abin da zai biya albashin ma'aikatansu da kuɗin lauyoyi. Dalilin a fili yake. Harkar lasisi kamar haƙar zinariya ce, a yi rami ɗari a sami abu a ɗaya. WARF ta yi dace da babban rabo tun ranar farko, ta kuma sami shekaru masu yawa tana juya shi. Jami'ar da ta buɗe ofis jiya tana jiran ya ciyar da ita gobe ta kwaikwayi rigar ne ta bar jikin.

Inda amana ta yi rauni

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na tsaya a yabo. Ƙungiyar da ke rayuwa da takardun mallaka, ko da ba ta neman riba don aljihun kowa, tana da jarrabawa ta dindindin: ta tsare fasahar domin jama'a, ko ta tsare ta daga jama'a? WARF ta faɗi wannan jarrabawa fiye da sau ɗaya.

Faɗuwa ta farko tun a kan bitamin D ce. Wiskonsin jihar makiyaya ce, arzikinta madara da man shanu. Babban abokin hamayyar man shanu a kasuwa shi ne botar da ake yi da man tsirrai, wadda talakawa suka fi saye saboda arha. Steenbock da gidauniyar suka ƙi ba masu yin wannan bota lasisin sanya bitamin D, domin kare masu kiwon jiharsu. Ma'ana, 'ya'yan talakawa da cutar ƙashin ta fi kamawa su ne aka hana wa hanya mafi sauƙi ta samun maganinta. A tsakiyar shekarun 1940 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe takardun mallakar, ta kuma soki wannan hali da cewa ya saɓa wa maslahar jama'a. Wannan tabo ne, kuma a ganina babu hujjar da za ta wanke shi.

Ta biyu ta zo bayan 1998, lokacin da James Thomson, wani malamin Jami'ar Wiskonsin, ya zama na farko da ya raini ƙwayoyin halitta na asali daga ɗan tayin ɗan Adam a ɗakin gwaji, aikin da shi kansa ya jawo muhawara mai zafi tsakanin malaman addini da masana. Dokar Amurka ta hana amfani da kuɗin tarayya a irin wannan bincike, don haka kamfanin Geron da WARF ne suka ɗauki nauyinsa. Gidauniyar ta sami takardun mallaka masu faɗi ƙwarai, kuma da farko tana karɓar dala 5,000 daga masu bincike na jami'o'i kafin ta ba su ƙwayoyin, ban da sharuɗɗa masu tsauri ga kamfanoni. Masana da yawa suka koka cewa ana tauye fage sabo tun yana jariri. A 2006 wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a suka ƙalubalanci takardun, a farkon 2007 WARF ta sassauta sharuɗɗanta. Ta gyara, amma sai da aka matsa mata.

Akwai kuma shari'o'i. A 2015 masu taya alƙali yanke hukunci sun umarci kamfanin Apple ya biya WARF dala miliyan 234 kan wata fasahar hanzarta aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, alƙali ya ɗaga kuɗin zuwa miliyan 506 a 2017, sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin gaba ɗaya a 2018. A nan ba na ganin laifin gidauniyar don ta kai ƙara, tunda takardar da ba a kare ta ba takarda ce kawai. Wadda ta fi damuna ita ce shari'ar da Jami'ar Washington ta birnin St. Louis ta shigar. Malaman jami'o'in biyu ne suka yi tarayya a wata ƙirƙira ta maganin masu ciwon ƙoda, WARF ta riƙe ragamar lasisin, kuma a 2018 kotu ta gano cewa ta tauye wa abokiyar tarayyarta haƙƙi na tsawon shekaru, ta umarce ta da biyan sama da dala miliyan 31. Ƙungiyar da aka gina a kan amana, a same ta da rage mudu ga 'yar'uwarta jami'a, abin takaici ne.

Wani salon na daban

Ba duk gidauniyoyin bincike ke aiki irin na WARF ba. Akwai waɗanda aikinsu ba tara dukiya ba ne, riƙon kuɗin wasu ne. Babban misali shi ne gidauniyar bincike ta Jami'ar Jihar Niyok, wadda aka kafa a 1951. Idan malami a ɗaya daga cikin rassan jami'ar ya ci tallafin wata hukuma ko kamfani, kuɗin ba ya shiga baitulmalin jiha, hannun gidauniyar yake shiga. Ita ke ɗaukar ma'aikatan aikin ta biya su albashi, ita ke sayen kayan gwaji, ita ke rubuta rahoton kuɗi ga wanda ya bayar, ita ke amsa tambayoyin masu binciken kuɗi. Abin da ke ratsawa ta hannunta ya kai wajen dala biliyan 1 a shekara.

Me ya sa sai an kafa wata ƙungiya don wannan? Saboda dokokin kashe kuɗin gwamnati an tsara su ne domin gina tituna da sayen kujerun ofis. Suna buƙatar talla da gasa da sa hannu hawa-hawa, kuma shekarar kasafi idan ta ƙare, abin da ya rage yakan koma. Mai bincike kuwa yana iya buƙatar wani sinadari cikin mako guda kafin samfurinsa ya lalace, ko ma'aikaci na wata 18 kacal. Gidauniyar tana ba shi wannan sauƙi. Farashin da ake biya shi ne raguwar sa ido, domin kuɗin jama'a ya koma hannun ƙungiya mai zaman kanta, kuma an daɗe ana taƙaddama a Amurka kan ko dokokin bayyana bayanai ga jama'a sun hau kan irin waɗannan ƙungiyoyi.

Wannan aiki na gudanarwa ba kyauta ba ne. A kan kowane tallafi ana ɗora wani kaso na wutar lantarki, gyaran gine-gine, ɗakin karatu, akantoci da kwamitocin da ke duba lafiyar mutane da dabbobin da ake gwaji da su. A manyan jami'o'in Amurka wannan kaso yakan haura rabin kuɗin aikin kansa. Malamai suna ganinsa kamar haraji, masu gudanarwa suna cewa bai ma isa ba. A watan Fabrairu na 2025 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sanar da cewa za ta rage shi zuwa kashi 15 cikin 100, jami'o'i da jihohi suka garzaya kotu, alƙali ya dakatar da matakin. A irin wannan girgiza ne ake gane bambancin jami'ar da ke da asusu nata da wadda ta dogara kacokan ga abin da gwamnati ta ga damar bayarwa.

Malaman jami'o'in Najeriya sun san zafin wannan matsala ta riƙon kuɗi. Tun da aka tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗaɗensu a asusun bai-ɗaya a 2015, ƙungiyar ASUU ta yi ta kokawa cewa tallafin da masu bincike suka samo daga waje yana maƙalewa, har sai a 2024 gwamnati ta cire irin wannan kuɗi daga tsarin. Matsalar da Niyok ta warware da gidauniya a 1951, ita ce muka yi shekara 9 muna ja-in-ja a kanta. Muna kuma da TETFund, wadda asalinta harajin ilimi ne da aka ɗora wa ribar kamfanoni a 1993 bayan gwagwarmayar ASUU, kuma ta yi aiki a gine-gine da horar da malamai da tallafin bincike. Amma hukuma ce ta gwamnati, tana karɓa ta raba duk shekara, ba ta wata jami'a ɗaya ba ce, kuma ba ta tara wa kowace jami'a asalin dukiyar da za ta ci amfaninta bayan shekara 50.

Idan tsofaffin ɗaliban wata jami'a tamu suka so gwada hanyar Wiskonsin, ba na jin ofishin rajistar fasaha ne wurin farawa, tunda masana'antun da za su sayi lasisin ba su da yawa, kuma mun ga yadda ofisoshin Amurka ma ke fama. Wurin farawa shi ne takardar kafa asusun: wa zai zama amintacce, ta yaya za a sauke shi idan ya ci amana, kashi nawa na dukiyar aka yarda a kashe a shekara, wa zai binciki littattafan ya bayyana wa jama'a, kuma wane kwamitin malamai ne zai raba kuɗin ba tare da shugaban jami'a ko gwamna ya sa baki ba. Sai kuma matsalar da mutanen Madison ba su fuskanta da irin tsananinmu ba, wato faɗuwar darajar kuɗi. Asusun da aka ajiye da naira a banki yana iya rasa rabin ƙarfinsa cikin 'yan shekaru, don haka dole amintattun su san yadda za su raba shi tsakanin gidaje da gonaki da hannayen jari da kuɗin waje, ta hanyar da masu bayarwa za su gamsu da halaccinta a addini da kuma doka.